Ciyawar Dubai da Harawar Shatu

Mu mutanen Damagaram Allah bai rage mu da komai ba sai ruwa, shi ya sa muka cike giɓin da baki. In ka zauna a teburin shayin Mai Nasara a Zango daga hantsi zuwa azahar, za ka ji wanda ya taɓa kokawa da kura, da wanda ya tuƙa jirgin sama sau ɗaya don direban ya ji barci, da wanda ya ƙi auren 'yar minista saboda ba ta iya miyar kuka ba. Duk muna yi, har da ni mai ba ku labarin nan. Amma in Nomau ya iso, sai kowa ya yi shiru ya koyi sana'a.

Nomau ya yi shekara biyu a Libiya. Abin da ya dawo da shi guda uku ne: baƙin tabarau, da metir na awo irin mai naɗe kansa, da wata takarda mai rubutun Larabci da jan hatimi, wadda ya ce difilom ce ta aikin anjiniya. Wani malami ya taɓa karanta ta, ya ce shi dai abin da ya gani takardar allurar rigakafi ce. Nomau ya ce Larabcin Libiya daban yake da na littafi. Tun daga ranar muke kiransa Anjiniya, shi kuwa yana amsawa da zuciya ɗaya.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, fara ta zo ta share ɗan abin da ya saura. Kafin bazara ta raba tsakiya, awakin gari sun koma cin kwali da tsumma, in ka shanya riga sai ka tsaya a kanta da sanda. Shatu matar Nomau awaki bakwai take da su a farkon rani. Ɗaya ta rage, wata ja mai ɗigon fari a goshi, ana ce mata Kyalla, kuma tana da ciki. Wan Shatu ya kawo mata 'yan dammunan harawa da buhun dusa daga Hamdara a kan amalanke, ta jibge su bisa rumfa ta rufe da zana. Ta auna su da ido ta auna kwanaki: in an yi tsimi, za su kai Kyalla ruwan farko. In Kyalla ta kai ruwan farko, gidan zai sake tashi. In ba ta kai ba, shi ke nan, ba su da ko ƙofato.

A wannan hali ne labarin Alhaji Mala ya iso teburin shayi. Alhaji Mala ɗan kasuwa ne, kakanninsa sun zo daga Barno da ayari suka zauna a Zango. Likita ya ce sukari ya yi masa yawa, dole ya riƙa gudu. To, a ina mutum kamarsa zai yi gudu a shekarar yunwa? In ya fita titi, rabin gari za su ce ƙoshi ne ya dame shi, rabin kuma za su zaci ana rabon hatsi su bi shi a guje. Sannan yana da wata ƙatuwar ciyawar roba a naɗe cikin magaza, ɗakin ajiyar kayansa, ya sayo ta a Dubai da tunanin shimfiɗar masallaci ce. Limamin unguwa ya gwada sujada ɗaya a kai, ya ɗago goshinsa duk ɗigo-ɗigo, ya sa aka mayar masa da kayansa.

Nomau bai ƙarasa shayinsa ba ya sa tabarau ya nufi gidan.

"Wushe, Alhaji," in ji shi. Iyakar Barbarcinsa ke nan.

"Wushe, wushe. Kai ne Anjiniyan da ake faɗa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Abin nan da ka bar wa ɓeraye suna kwana a ciki, gazo sunansa. Ciyawa ce da ba ta shan ruwa, ba ta bushewa, fara ba ta cin ta. Ba ni bayan gidanka kwana biyar, in mayar maka da shi filin balo, wato na ƙwallo. Ka yi gudunka, ba mai ganinka sai Allah."

"Ka taɓa shimfiɗa irinta?"

"Ni? Filin wasan Sabha can Libiya, mai cin mutum dubu arba'in, tambayi wanda ya shimfiɗa shi."

Gaskiyar magana, Nomau ya taɓa zama a gefen irin wannan ciyawa yana cin burodi, har mai gadi ya zo ya kore shi. Amma yana faɗar dubu arba'in ɗin nan sai ya ji kamar yana jin ihunsu a kunnensa. Alhaji ya ce in aikin ya yi kyau, zai kai shi gaban alhazan Zango ɗaya bayan ɗaya. Nomau ya fito yana lissafin irin motar da za ta dace da tabarau ɗinsa.

Ranar farko ya ja metir ya auna, metir ya ƙwace ya naɗe kansa ya fasa masa babban yatsa. Ya auna da taku. Da aka warware ciyawar aka yanka, sai ga shi ta gaza da taku huɗu a gabas, ta yi yawa da taku huɗu a yamma. Ya yanko na yamma ya kai gabas, nan ma bai kai ba. A tsakiyar bayan gidan kuma akwai wani dutse mai tudu, irin duwatsun nan namu da ba wanda ya san inda gindinsu yake.

"Anjiniya, dutsen fa?" in ji Alhaji.

"Da gangan ake barinsa, ranka ya daɗe. A Libiya in fili ba shi da dutse, sayowa ake yi a dasa, don 'yan wasa su riƙa kallon gabansu."

Rana ta biyu guguwa ta shigo, ta ɗauke yankin gabas gaba ɗaya, ta tsallake katanga da shi, ta yafa wa jakin wani mai ga-ruwa. Jakin ya firgita ya nufi kasuwa lulluɓe da kore, wasu jakuna huɗu da suka yi wata shida ba su ga launin nan ba suka rufa masa baya. Nomau na biye, tabarau a hannu. Sai bakin masu sayar da tabarmi ya cim musu. Da ya dawo ta gaban tebur da ciyawa a ka, Mai Nasara ya ɗaga murya.

"Anjiniya, filin ne ya fita motsa jiki?"

"Gwaji ne. Ana duba ƙarfinta a iska."

"To ta ci jarrabawa?"

"Kai dai zuba shayi, abin ya fi ƙarfin karatunka."

Da yamma Alhaji ya tuɓe takalmi ya yi tsalle ɗaya a kai. Ya dafe gwiwa ya yi salati.

"Wannan ai dutse ne ka yi wa kore. Ta Dubai in ka taka kamar katifa."

"Ai ban sa sirrin ba tukuna," in ji Nomau. "Akwai abin da ake shimfiɗawa a ƙasa."

Bai san ko mene ne ba. Yana tafiya gida yana tunani, mene ne mai laushi, mai yawa, wanda ba sai an saya ba? Yana shiga ya tarar da Shatu tana ɗaure kaya. An yi rasuwa a danginsu a Hamdara, za ta gaisuwa.

"Malam, kwana uku zan yi," ta ce. "Da safe ka kora Kyalla ta bi garken Baba Ɗan Azumi. In ta dawo da yamma, harawa tafi biyu, dusa rabin ƙwarya. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"Haba Shatu. Mutumin da ya kula da filin mutum dubu arba'in, akuya ɗaya ce za ta gagare shi?"

"Filin ba ya jin yunwa. Ita tana ji."

Ta fita. Nomau ya ɗaga kai ya dubi rumfa. Ya kawar da kai. Ya sake dubawa.

Kada ku ce ba shi da imani, yana da shi daidai gwargwado. Sai da ya zagaya rumfar sau uku yana ba kansa hujja. Aro ne. Harawa ba ta mutuwa don an taka ta. Da alhazai sun ga aikin, mota guda zai cika da harawa ya sauke a ƙofar gida, Shatu ta yi guɗa. Washegari da hantsi ya kira mai amalanke aka kwashe dammunan tas, har da buhun dusa. Ya ware wa Kyalla abin kwana biyu, ya jera itace da tsofaffin kwanduna bisa rumfa ya mayar da zana, daga ƙasa ka rantse ba a taɓa komai ba.

Aka ɗage ciyawa aka baza harawa. Inda ta gaza ya cike da ƙaiƙayin gero da ya roƙo a wurin masu sussuka. Da aka zo haɗa bakin yanka, ya ce kwal ɗin Turawa, abin liƙin nan, narkewa yake a zafin Damagaram, ya jiƙa ƙaro ya dama da dusar Shatu ya shafe kowace gaɓa. Sai ya tuna da gara. Ya sayo kanwa da gishirin dabbobi ya daka ya barbaɗe ko'ina, wai gara ba ta son su. Mai Nasara, da ya kawo wa Alhaji shayi, ya tsaya da tire a hannu yana kallo.

"Harawa, dusa, kanwa, gishiri. Anjiniya, fili kake yi ko walimar awaki?"

"Akuya da ido take ci. In ta ciji roba sau ɗaya, ba za ta ƙara ba."

"Ni dai tawa da hanci take ci, amma ba ta je Libiya ba."

Da aka mayar da ciyawar, wallahi abin ya yi kyau. Wannan ba zan hana shi ba. Gari duk ja da toka, itatuwa tsirara, sai ga wani kore shar a bayan gidan Alhaji Mala kamar an yanko damina an ajiye. Hajiya Falmata, uwargidan Alhaji, ta leƙo ta ce masha Allah, amma ita wani wari take ji kamar na turken tumaki. Nomau ya ce haka sabon gazo yake yi.

Fasinjojin da ke bisa manyan motoci suka riƙa hango koren ta saman katanga, labari ya bazu har ƙauyuka. Ana gobe buɗe fili, wani dattijo mai suna Ɗanjuma ya zo daga Garagumsa, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Ya durƙusa ya shafa ciyawar, ya daɗe yana shafawa.

"Ɗana, da gaske ba ta shan ruwa?"

"Ko ɗigo, Baba."

"Shanuna biyu suka rage. Ka taimake ni da irinta, ko cikin tafi ɗaya."

Nan ne ya kamata Nomau ya ce, Baba, roba ce. Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Amma mutane na tsaye suna kallonsa, tabarau na fuskarsa.

"Irin yana hanya," ya ce. "Ta jirgi zai zo. Ka dawo da damina."

Tsohon ya yi godiya ya sa masa albarka ya tafi. Ni da nake wurin, ban yi dariya ba a wannan karon, kunya ce ta kama ni, don na san gaskiya kuma ni ma ban faɗa ba.

Alhaji da ya ce ba ya son kowa ya ga gudunsa, da ya ga kyan filin sai ya gayyaci rabin Zango. Ranar Juma'a bayan la'asar aka jera kujeru, aka kawo makaɗa da maroƙi, mai unguwa ya zauna a gaba. Mutane suka yi yawa har aka buɗe ƙofar baya, wadda ke kallon hanyar da dabbobi ke bi. Za a kara tsakanin 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata masu fansho, biyar da biyar, ba wanda tumbinsa ya bar shi ya ga yatsun ƙafarsa. Nomau ya sa riga mai aiki, ya liƙa difilom a allo ya jingine a gindin dutse. Maroƙi ya wasa shi: Anjiniya na Shatu, mai shuka ba ruwa!

'Yan wasa suka tuɓe takalma suka shiga. Abin da Nomau bai sani ba, don mai gadin Sabha bai bar shi ya daɗe ba, shi ne robar nan in ta wuni a rana ta fi kaskon suya zafi. Alhaji ya taka, ya ɗage ƙafa, ya sauke ɗayar, ya ɗage ta. Kafin a ce me, dattawa goma na tsalle a fili kamar an saka musu kiɗa, makaɗa kuwa suka zaci haka wasan yake suka bi su da ganga.

"Anjiniya! Wuta!"

"Haka ake so, ranka ya daɗe! Shi ke ƙona sukarin!"

Aka sa takalma aka dawo. Aka buga balo, ya faɗi ya lume ya zauna, ko motsi. Wani tsohon mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya taho da gudu zai buga, ƙafarsa ta nutse har idon sawu, ya kife. Duk inda aka taka, ƙurar ƙaiƙayi sai ta huro ta bakin gaɓa, ta shiga wando ta shiga riga. Wasa ya tsaya, aka koma susa. Mai tsaron gida na susa da hannu biyu balo ya wuce shi a hankali, ba wanda ya lura. Alhaji ya ruga zai rama, ya manta da dutse.

Ana cikin ɗaga Alhaji ne aka ji ƙararrawar garken awaki.

A garinmu, kowace unguwa tana da makiyayinta. Da safe kowa ya kora dabbarsa waje, makiyayi ya haɗa su ya fita da su daji. Da yamma ya kawo su bakin unguwa ya sake su, kowace akuya ta san ƙofar gidansu, ba mai raka ta. Shekara talatin Baba Ɗan Azumi yana wannan aiki, akuya ɗaya ba ta taɓa ɓata masa hanya ba. Ranar nan garken ya dawo daga dajin da babu komai cikinsa sai ƙaya da tsakuwa. Suka iso daidai ƙofar bayan Alhaji, inda ƙafafun dattawa goma suka tattake harawa suka tayar da ƙanshinta.

Kyalla ce ta fara tsayawa. Ta ɗaga hanci. Abincinta ne, ta san shi kamar yadda kowa ya san ƙanshin tuwon gidansu. Ta yi kuka ɗaya ta shiga, garke duka ya bi ta.

Ko kallon koren ba su yi ba. Kai tsaye suka nufi gaɓoɓin, suka lashe ƙaro da dusa, suka sa ƙaho suka ɗage ciyawar Dubai kamar mai ɗage tabarma. Awaki, tumaki, har da wani ɗan maraƙi da ba a san na wane ne ba. Filin ya riƙa tashi yana faɗuwa, don rabin garken sun shige ƙarƙashinsa. Wani bunsuru ya bi ta tsakanin ƙafafun mai unguwa ya tafi da shi taku uku. Kujeru suka kife. Maroƙi ya hau dutse yana ci gaba da kirari don bai san abin da zai yi ba. Nomau na tsakiya yana kaɗa riga yana ihu da Larabcin Libiya, ba akuyar da ta ji.

"Baba Ɗan Azumi, kore su!"

"Ni iyakata bakin unguwa, ɗana," in ji tsohon, ya dogara sandarsa. "Daga nan kowace gidan da ta ga abinci take zuwa."

Sai ga Shatu a bakin ƙofa, ƙunshin kayanta a ka. Saukarta ke nan daga motar Hamdara, ta shiga gida ta ɗaga zana ta ga kwanduna, ta biyo sawun amalanke da ganyen harawa da ya zuba a hanya. Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta tsaya tana kallon abincin wata biyu yana shiga cikin awakin unguwa, idonta ya cika da hawaye.

"Malam, wannan ce tafi biyun?"

Nomau ya kauce wa idonta. Sai ya juya wurin mai unguwa, wanda ke kakkaɓe rawani.

"Ranka ya daɗe, ina ƙara! Dabbobi sun yi mini ɓarna!"

"A gona?"

"A fili."

"Ciyawar suka ci?"

"A'a, ai roba ce."

"Au, roba ce? To me suka ci?"

"Harawa."

"Ta wa?"

Nomau ya dubi ƙasa. "Ta Shatu."

"Su suka hau rumfa suka sauko da ita, suka yi hayar amalanke?"

Dariyar da aka yi har Alhaji Mala, da ke zaune da ƙulu a goshi yana susar ciki, sai da ya yi. Mai unguwa ya ce shi a hukuncinsa dabba ɗaya ce ta yi ɓarna a nan, kuma tana sanye da tabarau. Ciyar da Kyalla daga yau har ruwa ya sauka yana wuyan Nomau, ya nemo duk inda zai nemo. Hajiya Falmata ta aiko daga cikin gida cewa a kwashe mata robar nan kafin magariba. Aka yayyanka ta, kowa ya ɗauki rabonsa. Har yau akwai jakuna a Zango da ke yawo da koren akumari.

Daga nan wasa ya ƙare wa Nomau. Kullum da safe sai ya fita da buhu, ya yi tafiyar da ba ta gaza ta rabin wuni ba, ya hau gawo ya kaɗo 'ya'ya, ya biyo ta kasuwa ya tsinci kwali da ɓawon mangwaro. Duk inda ya wuce sai an ce, "Anjiniya, ana kan aiki?" Da farko yana cewa bincike yake yi. Daga baya ya koma cewa, "Ana kai, uwar ɗakina na jira." Ya ba da metir aka ba shi dusa. Ya ba da tabarau aka ba shi ƙowar gyaɗa, busasshen ganyenta, muka ga idonsa da kyau a karo na farko, ashe ƙanana ne.

Duk da haka Kyalla ta riƙa ramewa, ciki na girma ƙafafu na sirancewa. Wata safiya ta kasa tashi. Shatu ta zauna kusa da ita ta ɗora kanta a cinya, ba ta ce wa mijinta uffan ba, kuma shirun nan ya fi masa dariyar Zango duka ciwo. Ya kwance rawaninsa ya zura ta ƙarƙashin cikin akuyar ya ɗaga ta ya tsayar, ya riƙe har ƙafafunta suka daina rawa. Haka ya riƙa yi safe da yamma. Ranar da ya dawo buhu wayam, don wasu sun riga shi gawon, ya shiga ɗaki ya fito da difilom. Ya dube ta, ya miƙa. Kyalla ta cinye ta har hatimin.

"Yau dai karatunka ya yi amfani," in ji Shatu. Maganar farko ke nan da ta yi masa cikin kwana tara, shi kuwa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Ruwa ya sauka a ƙarshen watan shida. Kwana huɗu bayan haka Kyalla ta haifi tagwaye, duka mata. Nomau ya shimfiɗa musu guntun ciyawar Dubai, suka shinshina suka koma kan ƙasa.

Da aka yi mako biyu, Hajiya Falmata ta aiko a kira Shatu da mijinta. Suka tarar da mutane na leƙe ta katanga. Bayan gidan nan, inda garke guda ya yi walima ya bar abin da ya bari, ya tsiro kore shar tun kafin ko'ina a gari: ciyawa, wake, gero, har da yaɗiya tana hawa dutse. Hajiya ta ce Shatu ta riƙa zuwa tana yanka, nata ne.

Nomau ya ga jama'a. Ya ji tsohon ciwon ya motsa. Ya gyara riga, ya kai hannu fuska zai gyara tabarau ya tarar babu, amma bai fasa ba.

"Jama'a, kun gani? Abin da na shirya ke nan tun farko. A Libiya, wannan dabara..."

Shatu ta saka masa lauje a hannu. "Anjiniya, mai jego na jira."

Ya dubi laujen, ya dubi mutane, ya naɗe hannun riga ya sunkuya. Yana cikin yanka ya ji sallama a kansa. Ɗanjuma ne na Garagumsa, ya dawo da damina kamar yadda aka ce masa, saniya ɗaya ta rage masa, ga 'yar jakar zuba iri ya zo da ita.

"Ɗana, irin ya iso?"

Nomau ya miƙe. Sannan ya tattara duk abin da ya yanka ya ɗaure dami, ya dubi Shatu, ta gyaɗa kai, ya ɗora wa tsohon a ka.

"Ya iso, Baba. Ka yafe mini, waccan roba ce. Na gaskiyar ba ta jirgi ya zo ba, ashe a cikin akuya yake."